Lissafi ta wayar Baba: yadda wata malama ta riƙe 'yan ajinta a watannin kulle

Makarantar da ajin

Makarantar ta 'yan mata ce, a wata unguwa da ke bakin birnin Kano, irin wadda al'umma suka gina da kuɗinsu kuma ake biyan albashin malamai daga kuɗin zangon da iyaye ke kawowa. Malamar da wannan nazari ya shafa ita ce mai koyar da lissafi a ajin ƙarshe na babbar sakandare. A shekarar 2020 tana da ɗalibai 46 a rajista. Yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da direbobi, da 'yan kaɗan na ma'aikatan gwamnati.

Kafin korona babu abin da ya haɗa darasinta da waya. Dokar makarantar ma ta hana ɗaliba shigowa da ita, wadda aka kama kuwa sai mahaifinta ya zo da kansa ya karɓa. Allo da alli ne, sai tarin takardun tambayoyin baya da take ɗaurewa da roba a jakarta. Da aka shiga watan Maris saura mata manyan batutuwa uku ba ta gama ba, ga kuma bitar da takan kwashe makonni tana yi kafin jarrabawar WAEC, wadda a tsarin farko za a fara a watan Afrilu.

Maris zuwa Afrilu: an rufe makaranta, an gwada Zoom

Ranar 19 ga Maris gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, jihohi suka bi sahu, hukumar WAEC kuma ta ɗage jarrabawa ba tare da sa rana ba. Ranar 16 ga Afrilu dokar kulle ta fara aiki a Kano. Islamiyyu ma an rufe su. Yarinyar da a da take fita tun ƙarfe bakwai ta dawo bayan La'asar ta koma zaman gida, kuma kowa ya san abin da zaman gida ke nufi ga budurwa mai shekara 17: wanke-wanke, girki, rainon ƙanne.

Shugabar makarantar ta ga manyan makarantun kuɗi na cikin gari sun koma Zoom, manhajar taro ta bidiyo, ta ce a gwada. Malamar ta jingina wayarta da gwangwanin madara, ta rataye wani guntun allo a jikin bangon tsakar gida, aka aika wa iyaye lambar shiga. Ɗalibai shida ne suka shigo ranar farko. Biyu daga cikinsu sun fita kafin minti 10 saboda sabis. Wata kuma ba ta san yadda ake rufe makirfo ba, aji ya yi ta jin ana daka a gidansu. Da aka cika minti 40 manhajar ta katse, don iyakar da take bai wa marasa biya ke nan, kuma da aka sake buɗewa mutum uku ne suka dawo.

An yi zama huɗu aka haƙura. Lissafin kuɗin ne ya kashe shi. A lokacin naira 1,000 na sayen data kimanin gigabait ɗaya da rabi na wata, zaman bidiyo biyu ko uku kuwa sun isa su cinye ta. Magidancin da aka rufe masa kasuwa ba zai fifita wannan a kan cefane ba. Ita kanta malamar albashinta ya tsaya tun ƙarshen Maris, kamar yadda ya faru da malaman makarantun kuɗi da yawa a faɗin ƙasar nan.

Azumi: zauren WhatsApp

Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. A makon farkonsa malamar ta buɗe zauren WhatsApp, ta zuba duk lambobin da ke cikin rajistar makaranta. A ganinta an samu mafita, tunda WhatsApp ba baƙo ba ne a kowane gida. Takan ɗauki hoton shafin littafi ta tura, ta biyo shi da bidiyon minti 12 zuwa 15 tana bayani a gaban allo, sannan ta ba da aiki.

Abin da ba ta lura da shi ba shi ne lambobin rajista na iyaye maza ne da yayye. Cikin kwana uku zauren ya zama dandali. Wannan ya turo tafsiri, wancan ya turo maganin korona na citta da lemon tsami, wani ya sa tallan shadda, ga gaisuwar barka da shan ruwa kowace Magariba daga mutum 20. Aikin da ta tura da safe kafin dare ya nutse ƙarƙashin saƙo sama da 100. Bidiyon kuwa kusan babu mai saukewa saboda nauyi. Aikin farko ɗalibai tara ne suka maido, na biyu bakwai.

Akwai abin da ya ruɗe ta a wannan lokaci. Idan ta duba bayanin saƙo sai ta ga mutum 30 da wani abu sun buɗe, ta ɗauka darasi na isa. Daga baya ta gane alamar shuɗi shaida ce kawai cewa an buɗe a wayar. Alhaji ne ya danna yana kishingiɗe bayan tarawihi, ya ga lambobi da haruffa, ya wuce.

Sai kuma abin da ya kusa rushe komai. A zaure kowa na ganin lambar kowa. Yayan wata ɗaliba ya tsinci lambobi biyu da ya gane na 'yan matan ne da kansu, ya fara aika musu saƙo da dare. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya kira malamar rai a ɓace.

"Malama, karatu kika ce mana, ko zance kika buɗe wa 'ya'yan mutane?"

"Ka yi haƙuri Baba, laifina ne da ban tsare ba. Ka ba ni kwana biyu."

Bai ba ta ba. A daren ya fice daga zauren, wasu iyaye huɗu suka bi shi. Washegari ta mayar da zauren yadda ita kaɗai ke iya tura saƙo. Hayaniya ta mutu, amma lambobin na nan a fili ga duk mai son gani, kuma yanzu ɗalibai ba su da bakin tambaya. Haka aka ƙarasa azumi, aikin da ake maidowa bai taɓa wuce tara ba.

Bayan ƙaramar Sallah: ƙidayar wayoyi

An yi Sallah ranar 24 ga Mayu. A makon da ya biyo baya malamar ba ta tura darasi ko ɗaya ba. Ta zauna da rajista da biro, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane gida ta nemi a ba ta uwar yarinyar. Tambayoyi uku take yi: wayar wa ce a gidan, wace iri ce, kuma da ƙarfe nawa take samuwa.

Abin da ta rubuta a bayan rajistar ke nan. Gida 11 akwai babbar waya da ke wuni a gida, ta uwa ko ta yaya mace. Gida 19 babbar wayar ta maigida ce ko ta wani saurayi a gidan, tana fita da shi duk ranar da aka sassauta kulle, ko tana wajen mai caji, ba ta zama sai bayan Isha'i. Gida 12 ƙaramar waya ce kawai mai madannai, wadda ake wa laƙabi da raka-ni-kashi. Gida huɗu lambar ba ta shiga sam.

Wato kusan wata guda tana tura darasi da hantsi ga wayoyin da a lokacin suna aljihun wani a bakin titi, tana kuma tura bidiyo ga gidajen da ba su da abin kallonsa. Wata uwa ma ta ce mata, "Ai Malama mun ɗauka abin na iyayensu maza ne, ba wanda ya ce mana komai."

A irin waɗannan kiraye-kirayen ne ta roƙi abu guda daga kowane maigida: rabin awa bayan Isha'i, sau uku a mako, a tsakar gida a gaban uwar yarinyar. Ba ta nemi a saya wa kowa waya ba. Uku daga cikin biyar ɗin da suka fice suka amince da wannan sharaɗi. Mahaifin da ya fara kiranta bai amince ba, sai dai ya yarda 'yarsa ta riƙa karɓar darasi ta hannun maƙwabciya.

Yuni: layi mai lamba da saƙon murya

Ta rushe zauren. A madadinsa ta haɗa jerin aikawa, wanda saƙo ke isa ga kowa kamar shi kaɗai aka aika wa, ba mai ganin lambar wani, kuma amsa na dawowa gare ta ita kaɗai. Sharaɗinsa shi ne sai mai karɓa ya ajiye lambarta a wayarsa, in ba haka ba saƙon ba zai shiga ba. Wannan ya ci mata kwana biyar na kira da tuni.

Ta kuma bar bidiyo gaba ɗaya. Kowane darasi ya koma abu biyu: hoton shafi guda da ta rubuta da hannunta, da saƙon murya da bai wuce minti biyar ba. Su biyun a haɗe ba su kai nauyin minti ɗaya na bidiyon da take turawa a da ba.

Makon farko bai yi armashi ba. Lissafi ba labari ba ne da za a saurara ido a rufe. Tana cewa "sai ki kai wannan can ɓangaren", yarinya na kallon hoto ba ta san wane "wannan" ake nufi ba, tunda babu yatsan da ke nunawa. Wata ɗaliba ce ta yi ƙorafin, kuma daga nan dabarar ta fito: malamar ta fara sa wa kowane layin aiki lamba a gefen hagu, cikin da'ira. Muryar sai ta bi lambobin. Ga yadda wani darasi ya fara, a kan x² − 5x + 6 = 0: "Ki ɗora yatsa a layi na ɗaya. Muna neman lambobi biyu, in an ninka su su ba da shida, in an haɗa su su ba da mainos biyar. Ki tsayar da muryata nan, ki nemo su a takardarki, kada ki leƙa layi na biyu. Kin samo? To sauko layi na biyu mu gani ko mun yi daidai." Bayanin da Hausa take yi, amma sunayen abubuwan tana faɗinsu da Turanci sau biyu, saboda da Turanci za su zo a takardar jarrabawa.

Ta koyi wasu ƙananan abubuwa da ba a koyarwa a kwalejin ilimi. Fensir ba ya fita a hoto bayan WhatsApp ya matse shi, sai baƙin biro. Hoton da aka ɗauka da fitilar waya da dare yakan yi ƙyalli a tsakiya, don haka ta ce a yi aiki da dare a ɗauki hoto da safe kafin maigida ya fita. Ita kuma tana naɗar murya bayan Asuba, kafin unguwa ta tashi.

Saura gidaje 12 masu ƙaramar waya. Ta yi zaton za a iya tura musu muryar ta Bluetooth daga wayar maƙwabta, amma ƙananan wayoyin suka ƙi buɗewa, domin WhatsApp na ajiye saƙon murya a wani tsari da ba su gane shi. Wani yaro mai shagon caji da tura waƙoƙi a bakin layi ne ya warware matsalar. Duk Asabar yakan juya muryoyin makon zuwa MP3, ya zuba a katin memori, kamar dai yadda yake zuba wa mutane wa'azi da fina-finai. Shafukan kuma ta riƙa yin fotokofinsu. Ƙannen ɗalibai maza, waɗanda kulle bai hana su yawo a lungu ba, su ne 'yan aike: su kai kati da takarda, su dawo da aikin makon jiya a naɗe. Tsakiyar Yuni waɗanda ke maido aiki sun kai 24.

A wannan lokacin gidajen rediyon Kano ma na watsa darussa ga 'yan makaranta. Ta ce wa ɗalibanta su saurara, wasu sun saurara. Ƙorafinsu ɗaya ne, ba a iya tsayar da rediyo a ce maimaita.

Yuli: kuskuren mako

Zuwa ƙarshen Yuni adadin ya tsaya cak, har ya fara ja da baya. An ɗage dokar kulle a Kano a farkon Yuli, amma makarantu na rufe, kuma ranar 8 ga watan ministan ilimi Adamu Adamu ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su rubuta WAEC ba a wannan yanayi. Labarin ya zagaya gidaje a matsayin "an fasa jarrabawa bana". A wannan makon mutum 15 ne kawai suka maido aiki.

Ban da wannan, jerin aikawa ya zo da tasa illar. Ya tsare mutuncin 'yan matan, amma ya raba su da juna. Kowacce na zaune ita kaɗai da muryar malama, ba ta san ko ita kaɗai ce ba ta gane ba.

Abin da malamar ta ɓullo da shi ta kira shi kuskuren mako. Duk Alhamis takan zaɓi kuskuren da ya fi yawa a ayyukan da aka maido, ta kwafe shi da rubutunta don kada a gane hannun kowa, ta tura da tambaya guda: a wane layi aka kauce, kuma me ya sa? Amsa da murya take so, minti ɗaya. Wadda ta fi kyau sai ta nemi izinin mai ita da na uwarta, ta tura wa sauran ba tare da suna ba.

Na farko shi ne −3 − 4 = 7. Ɗalibai 10 ne suka rubuta haka, saboda sun haddace cewa mainos da mainos fulos ne, ba su rarrabe ninkawa da ragewa ba. Amsar da ta zagaya ta wata yarinya ce mai shiru-shiru da ke zama a bencin baya, 'yar mai kanti. Ta ce, "In ana bin ki bashin naira uku, kika ƙara cin bashin naira huɗu, ai ba riba kika samu ba. Bashin bakwai ne a wuyanki." Ba a faɗi suna ba, amma shekara shida suna aji ɗaya, kowa ta gane muryar. Mako na gaba saƙon murya 18 ne suka shigo, kowacce na so a ji tata. 'Yan ƙaramar waya ma suka fara naɗar tasu a katin memori suna aikowa.

Malamar ta ce a shekarun da ta yi tana koyar da wannan yarinya ba ta taɓa jin ta yi jimla uku a jere a cikin aji ba.

Ranar 27 ga Yuli aka sanar cewa 'yan ajin ƙarshe za su koma makaranta daga 4 ga Agusta, WAEC kuma za ta fara 17 ga watan. A makon Babbar Sallah, duk da hidimar nama, ɗalibai 33 suka maido aiki. Wannan ne adadi mafi yawa da aka samu.

Agusta zuwa Nuwamba

Da aka koma aji kwanakin da suka rage ba su cika mako biyu ba, kuma lissafi ne aka sa a ranar farko ta jarrabawar. Malamar ba ta koyar da sabon abu ba. Ta raba ajin rukuni-rukuni, ta sa waɗanda suka bi darasin waya su zauna da waɗanda ba su samu ba, shafukan nan masu lamba a gabansu.

Ɗalibai 44 ne suka zauna jarrabawar. Biyu ba su dawo ba: ɗaya an yi mata aure bayan ƙaramar Sallah, ɗaya iyayenta sun koma ƙauye. Sakamako ya fito ranar 2 ga Nuwamba. Cikin 44 ɗin, 27 sun samu kiredit a lissafi. Cikin 33 da suka riƙa maido aiki, 24 ne suka samu. Cikin sauran 11, uku. A shekarar da ta gabata, da aka yi karatu cikakke a aji, kusan rabin ajin ne suka samu.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Waɗannan alƙaluma ba su isa a ce waya ta fi allo ba. Yarinyar da ta nace da maido aiki cikin kulle mai yiwuwa ita ce dama mai naci a aji, kuma gidan da ya ba da rabin awa bayan Isha'i gida ne da ya damu da karatu tun asali. 'Yan 2020 sun kuma samu ƙarin wata huɗu da 'yan 2019 ba su samu ba. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne adadin masu maido aiki, wanda ya tashi daga tara zuwa 33, kuma ana iya nuna makon da kowane tashi ya faru da abin da aka sauya a makon.

A ganina mako mafi amfani a duk watannin nan shi ne wanda ba a koyar da komai a cikinsa ba. Zoom da zauren farko sun faɗi ne a kan zato guda, cewa kowace ɗaliba na da waya a hannunta a lokacin da malama ta ga dama. A wannan unguwa waya kayan gida ce, tana da mai ita, tana da lokacin fita da na dawowa, kuma kafin ta isa hannun budurwa sai ta bi ta yardar uba da idon uwa. Da malamar ta yi wannan ƙidaya a watan Maris, da ba a yi asarar azumi gaba ɗaya ba, da kuma wataƙila mahaifin nan bai fice ba. Shi ma ina ganin yana da gaskiya. Zuba lambobin 'yan mata a wuri ɗaya da na samarin da ba a sani ba ganganci ne, ko da niyyar mai yin sa karatu ce.

Saƙon murya ya yi nasara saboda ya dace da abin da ke ƙasa: ba shi da nauyi, ana iya tsayar da shi a maimaita sau biyar ba mai dariya, yana jiran waya ta dawo gida, kuma da yaren da yarinyar ke tunani da shi yake magana. Amma shi kaɗai ya tsaya a 24. Abin da ya ɗaga shi shi ne lokacin da muryar ta fara tafiya ta ɓangare biyu, ɗalibai suka ji juna.

Akwai farashin da ba ya cikin lissafin kowa. Malamar ta riƙa duba hotuna sama da 90 a mako a fuskar waya, tana amsa kowanne, da datar da take saya daga kuɗin ɗinkin da take yi a gida, ba albashi. Makarantar ba ta maido mata ko kwabo ba. Tsarin da ya dogara da irin wannan sadaukarwa ta mutum guda ba zai ɗauki darussa tara na aji ɗaya ba, balle makaranta sukutum. Sauran malaman da suka gwada kwaikwayonta a watan Yuli, biyu ne suka kai mako uku.

Kuma akwai bakwai da darasin bai taɓa isa gare su ba ko sau ɗaya: huɗun da lambarsu ba ta shiga, da uku da aka samu iyayensu amma ba a samu rabin awar ba. Biyun da ba su dawo ba duk daga cikin bakwai ɗin nan suke.

Bayan an buɗe makarantu sosai ta daina tura darasi ta waya, ta bar kuskuren mako kawai, duk Alhamis. Dokar hana shigowa da waya makaranta na nan yadda take. Abin da ya sauya shi ne fom ɗin shiga ajin ƙarshe, wanda yanzu ke da layi biyu da babu su a da: lambar uwa, da lokacin da waya ke gida.